Shekarar da Inna Ta Yanka Kauɗa

Mahaifiyata, wadda duk unguwa ke kira Inna, sana'ar tumatir take yi tun ina goye. Tana saye a hannun manoman rani na bakin dam ɗin Watari, a jera mata a kwanduna, mota ta kai cikin birni. Mazan da ke wannan harka ma sun san ba a yi mata wayo a kan kwando.

Da korona ta zo aka sa dokar kulle, ina gida, don an rufe firamaren da nake koyarwa. Azumi ya kama, ga zafi. Direban da ya saba ɗaukar mata kaya ya bugo waya ya ce hanya a rufe take, babu shiga Kano. Tsakar gidanmu kuwa cike da kwanduna.

Ban taɓa ganin Inna haka ba. Matar da zazzaɓi ma ba ya kwantar da ita, sai ga ta zaune a ƙofar ɗaki tana kallon tumatir yana tsiyaya, ƙudaje na bi. Baba ya ce ta yi haƙuri, kowa abin ya shafa. Ta ce, "Malam, ni na gama. Ga tsufa, ga duniya ta rufe."

Ana haka sai matar wani manomi ta yi sallama da goyonta, idonta jajir.

"Inna, namu na can gona yana ruɓewa. Maigidan ya kasa ko zuwa ya gani. Ke muka sani. Yaya za mu yi?"

Inna ta bi kwandunan da kallo. Can ta ce, "Kina da wuƙa mai kaifi?"

"Akwai."

"Ɗauko, ki haɗo da tabarma. Ki gaya wa maƙwabtanki. Ranar nan da ke ƙona mu, ita za ta yi mana aiki."

Haka muka shiga yankan kauɗa, wato a yanka tumatir a shanya ya bushe. Inna ta ajiye buta da sabulu a zaure, ta rarraba tabarmi nesa da juna, ta ce ba za a kwashi ciwo a gidanta ba. Da bakin azumi muke yi, ruwan tumatir na cin yatsu. Shanyar farko ta yi baƙi saboda mun yanka da kauri. Na ɗauka za ta karaya. Ta kwashe da kanta ta zubar, ta zauna ta nuna wa kowa irin sirantar da take so. Kafin ruwan farko ya sauka, rufin ɗakuna da bayan katanga duk sun yi ja, daga gidanmu har ƙarshen layi.

Da damina ta kankama ɗanyen tumatir ya yi wuya, aka kuma buɗe hanya. Inna ta ƙi aika kowa. Ta ɗaura takunkumi a fuska, ta shiga gaban mota, buhunan matan unguwa a baya, kowane da ƙyallen shaidar mai shi. Na tsaya a bakin titi ina kallonta tana yi wa direba faɗa ya gyara ɗaurin igiya, na ji kamar in tare kowa in ce uwata ce.

Ta dawo ba buhu ko ɗaya, duk ta sayar. A daminar nan babu gidan da ya sayar da akuyarsa don sayen taki a layinmu. Har yau matan suna yanka kauɗa duk ƙarshen rani, ko da kasuwar ɗanye tana ci.