Alkawarin Sauka Kabari

Shekara goma sha bakwai, duk Bahaushen da ya rasu a birnin Greensboro, can ƙasar waje, in dai namiji ne, hannun Malam Ma'aruf ne na ƙarshe da ke taɓa shi. Ba limami ba ne, ba kuma wanda ya naɗa shi. Mutumin Fagge ne, ɗan siriri mai ƙarfin tsiya, yana ɗaga kwalaye a wani katafaren sito da ke kan titin Wendover. Ranar farko da ya je jana'iza a garin, sai ya ga mutane sun yi cirko-cirko a bakin rami. Ai kabarin nan ba irin na gida ba ne da za ka dira ka tsaya iya ƙugu. Inji ke haƙa shi, zurfinsa ya shanye tsayin mutum, sai an zura tsani. Ma'aruf ya tuɓe takalmi ya sauka, ya karɓi mamacin, ya kwantar da shi ta dama, ya juya fuskarsa alƙibla, ya kwance ɗaurin likkafani. Tun daga ranar, da an yi rasuwa sai ka ji ana cewa, "An kira Malam Ma'aruf?"

Amininsa shi ne Amadou, mutumin Maraɗi, direban babbar mota. Ɗaki guda suka zauna a unguwar Glenwood tun ba su ajiye iyali ba. Amadou ƙato ne na gaske, in ya shiga motar Ma'aruf sai ta karkata. Wata rana suna dawowa daga maƙabarta, ya ce, "Bakano, ka ji ni da kyau. In na riga ka, kai za ka sa ni. Ban yarda wani ya wurga ni kamar buhun gero ba."

"Kai ɗin? Sai dai a kawo injin ɗaga kaya," in ji Ma'aruf.

Amadou bai yi dariya ba. "Bon, to ka yi mini alkawari." Ma'aruf ya yi.

To, gwiwa ce ta shiga tsakani. Wata safiya a sito ya juya da kwali a hannu, ya ji ƙas! a gwiwar dama. Likita ya nuna masa hoto, ya ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ne ya yage. Aka yi tiyata, aka datse inda ya yage, ya yi wata uku yana zuwa gashin ƙashi. Bayan shekara biyu ya zame a kan ƙanƙara a bakin ƙofarsa, wurin ya sake yagewa. Aka sake tiyata. A wannan karon likitan ya gaya masa gaskiya: abin da ya rage kaɗan ne, ban da tsugunno, ban da hawa tsani, ban da kaya mai nauyi. Wato duk abin da sauka kabari ya ƙunsa, kaf.

Ciwon gwiwa ba ya kwantar da mutum a zo a gaishe shi, cin sa yake yi a tsaye. Ma'aruf ya koma salla a kan kujera a ƙarshen sahu, abin da ya fi komai yi masa ɗaci. Matakala uku na ƙofar gidansa sai ya tsaya ya yi shawara da su. Matarsa Suwaiba ba abin da ba ta gwada ba: ƙanƙara a leda, man zafin da ake aiko mata daga Kano, har faɗa. "Malam, don girman Allah ka bar wa wasu. Garin nan ba kai kaɗai ne namiji ba." Ya ce to. Da an kira waya kuma sai ya ɗaure gwiwa ya fita. Taurin kai ne, ba na musu, amma wanda bai taɓa karɓar ɗan'uwansa da hannu biyu a ƙasar da ba dangi ba, ba zai gane ba.

Yagewa ta uku kuwa bai gaya wa kowa ba. Gwiwar ta fara ƙullewa, yana cikin tafiya sai ta ƙi miƙewa ta ƙi lanƙwasa, sai ya tsaya yana girgiza ta kamar tsohon kwaɗon ƙofa. Ya ɓoye ne saboda a lokacin Amadou na kwance a asibiti da ciwon hanta, kuma ya san da zarar jama'a sun ji, ba mai barin sa ya kusanci tsani.

Ranar da ya je duba shi na ƙarshe, da ƙyar ya gane shi. Ƙaton nan ya zama ƙashi da fata. Amadou ya ɗaga hannu yana murmushi. "Ka gani, Bakano? Na rage maka aiki. Saboda gwiwarka na rame." Ma'aruf ya juya yana kallon taga.

Amadou ya cika ranar Laraba da hantsi, ana ta ruwa. Aka sa jana'iza washegari bayan azahar.

A nan Ma'aruf ya yi dabarar da har yau take cin ransa. Ya san gwiwar aiki ɗaya kawai za ta iya, sai ya yi mata tanadi. Da aka kira shi wanka, ya ce a yi, tsayuwar za ta yi masa yawa. Da aka zo ɗaukar makara, ya ja baya ya bar wa wasu. Ya haɗiyi ƙwayoyi biyu, ya ɗaure gwiwar tamau a ƙarƙashin wando, ya ajiye duk ƙarfinsa don ramin.

Ƙasar maƙabartar ja ce mai danƙo, ruwa ya mai da ita santsi. Sherif, wani magidanci mutumin Kumasi da suke aiki tare, ya riƙo hannunsa. "Malam, bari in sauka yau."

"Alkawari ne," in ji Ma'aruf, ya tuɓe takalmi.

Ya taka matakin tsani na farko. Ya taka na biyu. A na uku gwiwar ta ƙulle, ƙafarsa ta zame, ya tafi gaba ɗaya ya faɗa ƙasan ramin. Wayyo Allah! Ihun da ya yi har ma'aikatan maƙabarta da ke nesa suka juyo. Ya yunƙura zai tashi, ya kasa. Ya sake yunƙurawa yana cewa, "Ku miƙo shi, zan iya a zaune." Liman ya leƙo ya ce a hankali, "Malam Ma'aruf, ba za a jinkirta masa ba. Ka yi haƙuri." Mutum huɗu suka ciro shi da igiyar da aka tanada don gawa, Amadou na ajiye a gefe cikin yayyafi yana jira.

Sherif ne ya sauka. Bai taɓa yi ba. Ma'aruf ya ƙi a kai shi mota. Ya ja jiki ya kwanta rub da ciki a bakin kabarin, cikin laka, yana ba da umarni da muryar da ta dishe. "Tallabi kansa. Ta dama, Sherif, ta dama. Kwance na wajen kai tukuna." Ya zura hannu iya tsawonsa ko zai taɓa ko da gefen likkafanin ne. Saura kamar kamu biyu. Aka fara jera katako.

Suwaiba ta so a wuce asibiti, ya ce sai ya yi wa iyalin gaisuwa. Aka tallabe shi har ƙofar falon da mata ke zaune, rigarsa ja-wur da ƙasa tun daga ƙirji har ƙasa. Hindou, matar Amadou, ta ɗago kai daga cikin mayafi. Ba wanda ya gaya mata abin da ya faru. Ta ga ƙasar a jikinsa, sai fuskarta ta ɗan saki, karo na farko tun jiya.

"Sannu, Malam. Allah ya saka da alheri. Kullum zancensa ke nan, Ma'aruf ne zai sa ni." Ta share ido da bakin mayafi. "Bai dai yi maka nauyi ba ko? Ya damu da gwiwar nan taka ƙwarai."

Da ya ce a'a, da magana ta ƙare, kuma ba namijin da zai tona shi. Ma'aruf ya dafa bango, ya dubi hannayensa.

"Ban sani ba, Hajiya," ya ce. "Hannuna bai kai gare shi ba."