Malam Kumwenda da littafin da ba ya juya shafinsa

Littafi Mai Tsarkin Malam Kumwenda kullum a tsakiya yake buɗe, wajen Zabura, ko da daga Yohanna yake karanta mana. A kwalejinmu ta mishan da ke arewacin Malawi ba a fara darasi sai malami ya karanta aya ya yi addu'a, ko da darasin lissafi ne. Kowa yakan sunkuyar da kai. Ni da ke zama a kujerar gaba don kada in haɗa ido da kowa, ni kaɗai na ga bai taɓa juya shafi ba.

Ɗan manomin taba ne daga Rumphi. Ya koyar a firamare shekara tara kafin coci ta tura shi ƙaro karatu, ya dawo ya yi shekara ashirin da shida a kwalejin. Mu bakwai ne muke karanta lissafi a shekararmu, kuma yana gane kowa da takunsa. Ba ya karɓar aikin gida a rubuce. Sai dai ka miƙe ka karanta hujjarka layi bayan layi, shi kuma yana tsaye bakin taga, ya tare ka daidai inda ka yi tsalle. Ƙawata Wezzie, wadda bakinta ba ya hutawa, takan ce tsohon nan ko numfashi ka yi ba dalili sai ya tambaye ka daga ina ka samo shi.

Ni kuwa ranar karatuna ko shayi ba na iya sha. Nakan yi karatun ƙasa-ƙasa, shi kuma ya ce, "Lusungu, ɗaga murya, na baya ma sun zo karatu." Aji ya yi dariya, ni in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A ƙarshen zango aka raba mana takardar da ɗalibai ke faɗin ra'ayinsu kan malamai, wadda ba a sa suna. Na rubuta layi biyu: Malam Kumwenda ba ya gani, shi ya sa yake sa mu karatu, a duba littafinsa lokacin addu'a. Na gaya wa kaina taimakonsa nake yi.

Da muka dawo hutu, wani matashi ne a gaban allo, mai karɓar aiki a rubuce. An kai Malam asibiti, likita ya ce jijiyar idon ta riga ta mutu, hukumar kwaleji ta yi masa addu'ar godiya a majami'a ta sallame shi. A nan muka ji cewa shekara uku matarsa, NyaChavula, wadda firamare kawai ta gama, ita ke karanta masa takardun jarrabawarmu a baranda da la'asar. Alamomin da ba ta san sunansu ba sai ta ce mai kama da ƙugiya, ko takwas ɗin da ta kwanta. Ba a samu makin kowa da kuskure ba.

Ban sake miƙewa a aji ba har na gama. Na samu abin da nake so.

Bayan bikin yaye mu na je gidansa. Yana zaune kan tabarma da kwandon masara a gabansa, kuma tun daga ƙofa ya kira sunana. Ya tambayi iyayena, ya tambayi sauran shidan ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan Wezzie sai ya yi ɗan murmushi, ya ce ya san ita ta rubuta takardar, bai riƙe ta a zuciya ba, amma da ta zo gaishe shi bara ya kasa sakin jiki da ita, abin yana damunsa.

Na ce, "Baba, ni ce." Ko ni da ƙyar na ji.

"Ɗaga murya, 'yata."

Na sake faɗa, har NyaChavula ta leƙo daga kicin. Ya tambaye ni ko akwai ƙarya a abin da na rubuta. Na ce babu.

"To sakamakon daidai ne. Daga ina kika taso kika iso wurin?"

Na gaya masa gaskiya: tsoron karatu a gaban mutane ne, ba tausayinsa ba. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya ce wa matarsa ta nemo masa lambar wayar Wezzie kafin Lahadi, zai ba ta haƙuri. Sannan ya lalubo wata masara a kwandon, ya sa babban yatsa ya ci gaba da ɓare ta, ƙwayoyin suna zuba cikin kwano.