Ranar da Jarida ta Nutsar da Mu a Cheras

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a wata kwaleji a Kuala Lumpur, na kusa korar kaina gida da hannuna.

Wata la'asar aka sheƙa ruwa irin na garin nan, ya taru a gindin benenmu a unguwar Cheras, iya idon sawu. Na ɗauki bidiyo ina ihu, "Wayyo mun shiga uku, ruwa ya cinye mu!" Alhali sabon takalmina kawai nake ji wa. Na tura zauren danginmu na waya don a yi dariya. Ashe wani ya tura shi gaba.

Washegari wata jaridar intanet ta can gida ta buga cewa ambaliya ta raba ɗaliban Najeriya da matsugunansu a Malesiya. Ga bidiyona, ga muryata kamar ta akuya a hannun mahauci. Ruwan kuwa ko awa ɗaya bai yi ba ya janye.

Dama da ƙyar mahaifina ya bar ni na zo karatu. Ya kira ya ce, "Ki haɗa kayanki, karatun ya isa haka."

Na ce, "Baba, wallahi wasa nake. Ni na ɗauki bidiyon."

"Ke za ki gaya mini? Jarida ce ta faɗa. Ɓoye mini kike yi."

Saura wata huɗu in gama. Na rubuta wa jaridar, shiru. Na zauna na ci kuka na ƙoshi.

Maƙwabciyata, Bahaushiya matar wani malamin jami'a, ta same ni a haka. Ta ce, "Haba ƙanwata, share hawayenki mana, mu ma ai muna da waya." Ta kai maganar zauren matan Hausawa. Kafin magariba ƙasan labarin a shafin jaridar ya cika da hotuna: wannan tana shanya a baranda, waccan tana cefane a kasuwar Chow Kit, kowace tana cewa ga mu nan, ƙasa a bushe. Mazajensu ma suka shigo. Bayan kwana biyu jaridar ta janye labarin, ta nemi afuwa.

Baba ya kira. "To, hankalina ya kwanta. Jarida ta ce kuna lafiya. Tsaya ki gama."

Na ce, "To, Baba." Na yi maza na yi masa sallama, kada in ɓata.

Har yau in na tuna sai na sauke ajiyar zuciya. Na gane cewa labarin unguwa yanzu yana hannun mazaunanta, ɓatawa da gyarawa duka. Da matan nan sun yi shiru, da na koma Kano ba kwali.