Gadon da Council Ba Ta Ɗauka Ba

Karatuna bai wuce firamare ba, amma na yi aiki a tashar nukiliya, kuma ina so a riƙa faɗin haka cikin ladabi. Abin da ba na cika ƙarawa shi ne, wanki nake yi. Rigunan da injiniyoyi suke shiga ciki da su, mu muke zubawa a inji. Tashar tana can arewa a bakin teku. Litinin in bar unguwarmu Moss Side a Manchester, Juma'a in dawo. Kowa da ɗan baji a ƙirji mai auna radiyeshin, abin nan da ba ya wari, ba ya ƙaiƙayi, amma ake tsoronsa fiye da kububuwa. Kafin ka fita sai ka tsaya cikin wata na'ura ka ɗaga hannu kamar ɓarawon da aka ritsa.

In na iso gida, matata, Allah ya jiƙanta, takan tare ƙofa ta ce, "Malam, sun wanke ka sosai, ko in kashe fitila in ga ko kana haske?" Sai na ci tuwon semo, sannan in zube a gadonmu na ƙarfe. Na hannu ne, mun saye shi a Whalley Range lokacin da ake yanyanka wani ƙaton gida ana mai da shi flats. Direban bas ya ƙi ɗaukarmu, muka rungumo shi a ƙafa, ni da kan gadon, ita da ƙafafun, tana yi mini faɗa har gida. A kansa aka yi jegon ɗanmu.

Ɗan nan ya girma, ya samu aiki a cibiyar matasa ta council, wato ƙaramar hukuma. Da shekarun tsuke bakin aljihu suka zo, aka rufe cibiyar, aka rufe laburaren kusa da ita. Ya daɗe yana zaune a flat ɗinsa, har ya fara ramewa. Rannan ya zo ya tsuguna a gabana ya ce ya samu aiki a irin tashar da na bari, amma ba zai amsa ba sai na sa albarka.

Na ce ya dakata. Na yi ta tsokanar radiyeshin a bakina, amma ban taɓa yi masa wasa a raina ba.

A masallaci na ji labarin wata 'yar Katsina da ke karatun dakta a jami'ar Aston da ke Birmingham, tana neman jinin tsofaffin ma'aikatan nukiliya. Na ce to ga jini ya tsufa yana jira. Yaron ya tuƙa ni Birmingham. Ta gaishe ni har ƙasa, ta ɗebi jinin, ta yi bayani da Turanci mai yawa. Na riƙa gyaɗa kai kamar yadda manyan masana suke yi. A hanyar dawowa na ce masa, "Abin da jinin nan ya faɗa, shi zan faɗa."

Masu tashar suna ta matsa masa ya ba da amsa, sai ya buga mata waya ya tambayi ainihin abin da take nema. Sannan ya bugo mini.

"Baba, ta ce ba aikin ne kawai ba. Ta ce partly daga gado ne."

A nan sai an yi mini adalci. Bahaushe yana jan gadon da ake ci daga iyaye, ya sauke murya a ƙarshe. Na kwanciya kuwa gajere ne, a sama yake tsayawa. Ɗana haifaffen Manchester ne, Hausarsa da takalmin ƙwallo take tafiya. Ya datse kalmar, ya ba ni ta kwanciya.

Na zauna na yi nazari irin na ilimi. Ƙarfe ne. Shekara da shekaru ina dawowa daga tasha ina kwanciya a kai. Ashe tarawa yake yi. Da safe na kwance shi da sifana, na jingine a lungun bayan gida, na buga wa council su zo su ɗauke. Da na zo kan ƙafar da matata ta ɗaure da tsumma don kada ta kankare leda, sai da na zauna na huta. Amma in gadon ne mai laifi, to jinin yaron lafiya lau, zan iya sallamarsa. Na koma kwana a kujerar falo, bayana yana zagina.

Da muka koma Aston na shiga da ƙarfin gwiwa. Na ce, "Dakta, an gama da shi. Na fitar."

Ta ce, "Kun fitar da me, Baba?"

"Gadon mana."

Ta dube ni, ta dubi yaron, sai ta kama bakinta da gefen mayafi. Kafaɗunta suna rawa. Da ta samu numfashi ta ce masa, "Kai, maimaita abin da ka gaya musu." Ya maimaita. Ta ce, "Wallahi ko ni ce sai in fitar da katifa."

Yaron ya ce, "It's the same word!"

Na ce, "A bakinka ba."

Ta zaunar da ni ta yi mini bayani da Hausa. Ta ce a cikin ƙwayoyin jiki akwai wasu zaruruwa, kuromosom, radiyeshin yakan tsinka su. Jiki kuma yana da telansa mai ɗinkewa. Abin da take bincike shi ne ko telan wasu ya fi na wasu sanyin hannu, kuma ko daga iyaye ake samun hakan. Na ce to nawa telan fa, na kasuwar Kwari ne ko mai yawo da keken ɗinki a kafaɗa? Ta ce ba za ta iya faɗa ba. Jama'a da yawa take dubawa a haɗe, jinin mutum ɗaya ba ya yanke hukunci, balle a kan ɗansa. Ta ce, "Abin da na sani, Baba, a kiyaye yawan abin da ke shiga jiki. Wannan yana hannun mutum."

Muka kamo hanyar Manchester. Na so a ce gadon ƙarfen ne, don shi da sifana ake rabuwa da shi. Wancan kuwa na riga na ba yaron tun kafin a raɗa masa suna, ban san ko mai kyau na ba shi ba. Na saci kallonsa yana tuƙi. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Da muka iso gida muka leƙa lungu, sai ga gadon yana nan jingine, ruwa ya yi masa wanka. An rage motocin kwasar kaya, layi bai zo kaina ba. A duk tsuke bakin aljihun nan, wannan ne kaɗai alherin da na gani da idona.

Na ce ya tsuguna. Na ce baji ba ado ba ne, kada ya cire, kada ya yi gaggawar fita daga na'ura don za a rufe kantin abinci, kuma duk gwajin da suka kira shi ya je. Na dafa kansa na sa albarka.

Sannan na nuna masa ƙarfen. "Ɗauki wannan ma ka tafi da shi, ka haɗa biyu. Amma ba za ka taɓa shi ba sai ka faɗi sunan kowanne daidai."

Ya gwada, ya sake gwadawa, duk biyun na kwanciya suke fitowa. Na ce ya kama ƙafafun, ni na kama kan, muka nufi mota ina yi masa faɗa.