Rigar Bututun Zauren Tsofaffi

"...ke nake kira, uwar Yongsik! Ajiye shebur ɗin nan, zo ki ji da kunnenki!"

Waya na ƙara a hannuna, duk ƙauye na tsakar fili ana kwashe tokar zauren tsofaffi da ya ƙone.

Palbong ƙanena ne. Ya haura hamsin, bai yi aure ba, magana ba ta dame shi ba. Tun da aka kafa murhun itace a zauren nan shi ke faskare, shi ke hura wuta, shi ke hawa rufi ya goge bututun hayaƙi, don tsofaffi su buga kartarsu cikin ɗumi. Ladansa kwanon taliya.

Da gobara ta tashi, uwar Yongsik, matar shugaban ƙauye, ta riga kowa nuna shi: "Sakaran nan ya sha giyar shinkafa ya ɗura wa murhu itace." Shi ke nan, aka daina amsa gaisuwarsa. Mijinta ya ce in ta tabbata ɗaure shi za a yi.

Na ce wa Palbong, "Kai, ba ka da baki ne?"

Ya ce, "Yaya, wa zai ji? Ni dai na san bututun da rigarsa na bar shi."

Rigar nan ruɓi na biyu ce, mai auduga a ciki, ita ke hana zafi taɓa katakon silin.

Na shiga toka da sanda ina tono. Sai ga curin waken daddawa, baƙi ƙirin, irin wanda muke ratayewa da igiyar ciyawa ya bushe da hunturu. Namu duk mai kusurwa huɗu ne. Wannan kuwa mulmulalle ne, kuma uwar Yongsik kaɗai ke yin irinsa, tana mana yanga wai haka ake yi a garinsu. Na ƙunshe shi a ɗankwali na kai wa 'yan kwana-kwana. Yau ga kiransu.

Na buɗe muryar wayar don kowa ya ji. Jami'in ya ce, "Ke ce kika kawo curin waken nan? Mun gama bincike. Kwance rigar aka yi da hannu, aka rataye wake jikin bututu tsirara don ya sha zafi. Igiyar ce ta kama. Mai hura wuta ba shi da laifi."

Na kai wayar daidai kunnen uwar Yongsik.

"Yallaɓai, maimaita. Akwai kurma a nan."