Ƙofar da Baba Ya Auna

Babana tela ne. Shekara arba'in da ɗaya ya yi a shago guda, ƙarƙashin wani tsohon bene, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da takalma. Ko sunansa mutane sun manta, Baba Tela kawai ake cewa. Bai taɓa ɗaukar ma'aikaci ya wuce wata uku ba, domin duk wanda ya ɗauka sai ya bi bayansa yana warware ɗinkin. Shi ke awo, shi ke yanka, shi ke guga, ko maɓalli ba ya yarda wani ya ɗaura masa. Tef ɗin awonsa kuwa kullum yana rataye a wuyansa, har wurin cin abinci. Dokarsa ɗaya ce: a auna jiki, a ƙara inci biyu na sakewa. Ya kan ce inci biyu ya ishi kowane mai rai, kuma a gaskiya ban taɓa ganin wanda ya dawo masa da riga don ta matse shi ba.

Ni ce babbar 'yarsa, Uwata yake kirana. Taurin kaina ma nasa na gado, shi ya sa ba ma daɗewa a ɗaki ɗaya ba mu yi musu ba.

Shekara biyu bayan raunin idonsa ya sa ya rufe shago, mahaifiyata, Inna, ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Da aka sallame ta daga asibiti da kujera mai taya, sai muka ga gidansu ba zai karɓe ta ba. Matakala uku ce a ƙofar shiga, banɗaki yana can ƙarshen tsakar gida, ƙofar ɗakinta kuwa mai ƙiba sai ya karkace kafin ya shiga. Aka ɗauko ta zuwa gidana, hawa na biyu, aka ba ta ɗakin yara, yaran suka koma falo. Muka ce na ɗan lokaci ne, kafin a gyara gida. Kullum da safe idan na shiga gaishe ta, da bakinta da ya karkace take tambayata, "An gama?"

Maigidana ne ya kawo ɗan kwangila, wani gajere mai tabarau, mara yawan magana. Ya zaga gidan sau biyu, ya tambayi tsawon kujerar Inna da wanda zai riƙa tura ta. Ya daɗe tsaye a siririn lungun da ya tashi daga falo, inda ƙofar ɗakin take ta hannun dama. Sannan ya ce a yi gangare a ƙofar shiga, a shigo da banɗaki cikin ɗaki, a faɗaɗa ƙofa, a kuma rushe bangon lungun a matsar da shi baya. Ya ce sati shida ya isa, ma'aikata nasa ne, mu dai namu ido.

Baba ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "To, kai wanne kake yi da hannunka? Gini ko famfo?"

"Ba ko ɗaya, Baba. Ni ke tsara wanda zai zo bayan wani, in kuma abu ya ɓaci ni za ka kama."

"Madalla. Mun gode, za mu neme ka."

Ya raka shi har waje da fara'a. Yana dawowa ya murtuke fuska.

"Kin ji ko, Uwata? Mutum bai iya riƙe cebur ba, amma ya iya rushe bango. Na san irinsu, a sana'armu ma akwai su. Yadi huɗu zai isa, sai su ce ka sayo shida. Wannan bangon me ya yi masa?"

Na ce, "Baba, gini ba ɗinki ba ne."

"Duk awo ne. Matar da na zauna da ita shekara arba'in da biyar, ni zan miƙa wa baƙo ɗakinta ya yanka yadda ya ga dama?"

Da na kafe a ranar, da wataƙila na ci nasara, amma ban kafe ba, kuma har yau abin yana cina. Ni ma ina da tsoron 'yan kwangila. Wata abokiyar aikina a makarantar da nake koyarwa wani ɗan kwangila ya kware mata rufin gida, ya yi ɓatan dabo, ta kwana biyu tana tare ruwan sama da bokiti. Ban da wannan, tun da Baba ya rufe shago ban ga idonsa ya kawo haske ba sai ranar. Na ga tsoho ya samu abin yi, na ji tausayinsa, na bar masa aikin.

Washegari ya hau benenmu yana haki, ya durƙusa gaban kujerar Inna kamar mai yi wa babban mutum awo. Daga taya zuwa taya inci ashirin da shida. Ya ƙara biyu, ya rubuta ashirin da takwas a bayan wani kwali. Inna tana kallonsa daga kan gado, ta ce, "Malam, a bar wa masu yi su yi mana."

"Ke dai ki kwanta. Wata ɗaya kina ɗakinki."

Wata bakwai aka yi. Magini ya zo, mai famfo bai zo ba. Da mai famfo ya zo, sai ya tarar an riga an shimfiɗa tayil, ya ce sai an fasa kafin ya binne bututu, aka fasa. Mai tayil ya dawo yana gunaguni, ya sake shimfiɗawa, Baba ya tsuguna ya kanne ido ɗaya, ya ce layi na uku ya karkace da faɗin zare, a ɗaga. Mutumin ya tattara kayansa ya tafi, ko sallama babu. Mai wayarin wuta ya zo bayan an yi fenti, ya tsaga bango daga sama har ƙasa. Kowa ya zo sai ya zagi aikin na gabansa, kowa kuma gobe yake zuwa, goben da ba ta wayewa. Baba bai san wanda ya kamata ya riga wani ba, shi da ya saba komai yana fitowa daga hannu ɗaya.

Idan na tashi daga makaranta na kan biya in kai masa abinci. Sai in same shi zaune a kan buhun siminti, waya a hannu, ƙura har gira, yana jiran wani da ya ce ga shi nan a hanya tun hantsi. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Daga nan in wuce gida in tarar da wankin Inna, da yara suna faɗa a kan wurin kwanciya, da maigidana wanda bai taɓa cewa uffan ba, abin da ya fi zagi ciwo. Na gaji, gajiyar da barci ba ya warkarwa. Sau biyu na ɗauko lambar ɗan kwangilar na mayar. A wata na biyar Inna ta daina tambaya ko an gama. Ta kan juya fuskarta bango kawai, wannan kuwa ya fi tambayar tayar mini da hankali.

Ranar wata Asabar da safe Baba ya bugo waya. Ya ce an gama, a kawo Inna. Maigidana da maƙwabcinmu suka sauko da ita daga bene, muka sa ta a mota. Ta sa na ɗaura mata ɗankwalinta mai kyau.

Gangaren ƙofar shiga ya yi sumul, kujera ta hau ba gargada. Falo fes, sai warin sabon fenti. Baba yana gaba yana nuna hanya kamar mai saukar baƙi. Maigidana ya tura kujerar cikin lungu, ta shige. Da aka zo daidai ƙofar ɗakin ya karkata ta dama, sai matakin ƙafar kujerar ya daki bango. Ya ja baya, tayar baya ta daki ɗaya bangon. Ya gwada shiga da baya, ya gwada ɗaga gaba, fenti yana ta goguwa. A karo na huɗu ƙafar Inna marar lafiya ta bugi gefen ƙofa, ta yi wani ɗan ƙara da ban taɓa ji daga bakinta ba. Daga inda take tana hango gadonta an gyara shi, tana hango farin tayil na sabon banɗaki, taku uku kacal.

Baba ya zare tef daga wuya. Ya auna ƙofa, ashirin da takwas. Ya auna kujera, ashirin da shida. Ya sake aunawa.

"Daidai ne," in ji shi. "Ku duba, wallahi daidai ne."

Maigidana ya ce a hankali, "Baba, ƙofar ba ta da laifi. Wurin juyawa ne babu."

Shi ke nan. Duk rayuwarsa mutum a tsaye cik yake aunawa, hannuwa a miƙe, kuma yadi ko ya ɗan matse yana bayarwa. Bai taɓa auna abin da zai sha kwana ba, bulo kuwa ba ya bayarwa ko da faɗin farce.

Maganar wata bakwai ta taso mini gaba ɗaya. Na ce, "Ai mutumin ya faɗa! Tun ranar farko ya faɗa!" Ina rufe baki na yi nadama, domin Baba bai ɗago ya rama ba, kuma ban taɓa faɗa masa magana ya ƙyale ni ba. Na juya ga maigidana na ce ya fito da ita mu koma.

Inna ta miƙa hannunta mai lafiya ta damƙe gefen ƙofar.

"Ba inda zan je."

"Inna, ba banɗaki a falo. Kuma in za a rushe bangon nan, ƙura..."

"A shimfiɗa mini a falo. Na gaji da zama baƙuwa." Ta dubi Baba ta ce, "Malam, kai ma ka gaji. Zauna."

Bai zauna ba. Ya tsaya yana kallon bangon da ya hana a taɓa, bangon da ya tsaya a kai aka yi masa fenti har shafi biyu. Sannan ya naɗe tef ɗin a yatsunsa biyu, a hankali, yadda yake yi in zai rufe shago, ya kamo hannuna ya sa mini.

"Kira shi, Uwata. Ki ce ya zo da nasa."

Ɗan kwangilar ya zo washegari. Bai ce ai na faɗa ba, Allah ya saka masa. Ya dubi tayil ɗin banɗaki ya ce wanda ya tsaya a kan wannan aikin yana da ido, Baba ya kawar da kai. Sati biyar Inna ta yi a falo, bayan wani labule da Baba ya ɗinka mata da tsohon kekensa, wanda ya auna da kamun hannu. Ranar da aka sa wa bangon guduma, yana zaune a gefen katifarta, ya jiƙa ƙyalle ya kare mata hanci, kowane bugu sai ya runtse ido.

Yanzu Inna tana shiga ɗakinta da kanta, da hannu ɗaya take juya tayar, tana shan kwanar ba ta taɓa komai ba. Baba ya kan bi ta a baya, hannunsa yana kai wa wuyansa yana dawowa. Tef ɗin yana cikin jakata har yau, bai taɓa tambayarsa ba.