Kuɓewa a Lambun Kumandan

Har gobe ba zan manta da safiyar da matar gwamna ta zo kallon lambunmu a Dogon Dutsi ba. Zamanin Nasara ne, ina shugaban masu aikin lambu a gidan kumandan, wato Baturen da ke mulkin yankin. Mu uku ne. Ni ke raba aiki, ni kuma ake kira in abu ya ɓaci.

Gidan tsoho ne, na dutse, lambunsa kuwa ya daɗe da mutuwa, awaki ke kwana ciki. Da sabon kumandan ya zo, sai ya ce a tayar da shi kafin ƙarshen damina, don gwamna zai zo rangadi da matarsa. Tafintan kumandan, Malam Nomau, ya faɗa mini doka guda: fure kaɗai, ban da abin ci. Wanda aka fara ba aikin kafin ni ma an kore shi ne don ya shuka wake a bayan rijiya.

Muka gyara shinge, muka yashe rijiya, muka jera duwatsu muka shafe su da farar ƙasa. Madam, matar kumandan, ta ba ni iri cikin ƴan takardu daga ƙasarsu. Na shuka, ya tsiro, rana ta ƙone shi. Na sake, na yi masa rumfa, gara ta cinye. Ga Madam ta tafi Yamai jinya, ga kwanaki na ƙurewa.

Na zauna na yi tunani: wane fure ne ƙasarmu ba ta ƙi? Sai na karɓo irin kuɓewa da yakuwa da riɗi wurin matata, na shuka su layi-layi yadda Madam ke so. Da suka fara ƴaƴa, kullum da sassafe muke bi muna tsinkewa, mu kai wa Alzuma kuku ya ɓoye. Yakan ce, "Kai Arzika, lambu kake ko cefane? Ran da aka kore ka, ni ke gadon miya." In ce, "Rufa mini asiri, kai ma kana sha."

Madam ta dawo ta ga furanni, ta yi murna. Ta tambayi sunansu, na ce furen ƙasa ne. Ban kuwa yi ƙarya ba.

Furen kuɓewa da hantsi yake buɗewa, kafin la'asar ya rufe. Allah ya taimake ni baƙin suka shigo da hantsi, lambu ya yi rawaya fes, ga jan karan yakuwa, ga farin furen riɗi. Matar gwamna dattijuwa ce mai faffaɗar hula. Tana tafe kumandan na yi mata bayani, sai ta tsaya, ta sunkuya, ta ɗaga wani ganye. Ga kuɓewa guda, tsawon yatsa, ta ɓoye mana. Ta tsinke ta, ta sa babban yatsa ta ɓalle bakin, ƙas, yadda mata ke yi a kasuwa.

Kumandan ya yi jajir, ya yi magana. Malam Nomau ya ce, "Arzika, shina tambaya, mine ne wanga?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, fure aka ce, ga shi kuwa ya yi. Ɗiyan ne ba su ji doka ba."

"In faɗi hakanan?"

"Faɗi, Malam, ai an riga an kama ni."

Ya faɗa. Matar gwamna ta yi dariya har ta dafe hularta. Ashe a Sanagal ta girma, da miyar kuɓewa ta tashi, ta kuwa daɗe ba ta ga ɗanya irin wannan ba. Ta ce yau ba ta son cin komai sai ita. Kumandan ya ce maza a cika kwando. To, a ina? Mun tsinke duka tun da safe. Muna nan tsaye sai ga Alzuma da ƙwarya cike da kuɓewar da muka kai masa, yana wani sunkuyar da kai kamar bai taɓa ganina ba.

Da la'asar kumandan ya kira ni. Ya yi magana, sannan Malam Nomau ya ce, "Ya ce baɗi ka bar ɗiyan su girma." Jin kalmar baɗi kaɗai ya ishe ni. Na san aikina na nan, ba a kore ni ba.

Ku masu tasowa, ga abin da na koya. Mai gida zai faɗi abin da yake so, amma ƙasa ce ke faɗin abin da za ta karɓa, aikinka ka sasanta su. Cikin baƙi kuma ba a rasa wanda ya san abin da kake yi. Sannan in kana tsinkar kuɓewa, ka riƙa ɗaga ganyen ƙasa.